Sukari Mai Ƙafar Kaza

Sallama gare ku 'yan uwana mata, da duk wanda ya tsaya karanta wannan. Ku yi haƙuri da rubutuna, karatun yaƙi da jahilci kawai na yi. Amma abin da zan faɗa muku ban manta komai a cikinsa ba.

Sunana Safiya. Ban daɗe da fita takabar mijina ba. Sunansa Ɗahiru. Yau na rubuta sunan, amma bakina bai taɓa kiransa ba, Kofur nake ce masa. 'Ya'yanmu sun tashi ba su taɓa ganin ubansu ya sa sukari a koko ko a shayi ba. Sun ɗauka ciwo yake tsoro. Ba ciwo ba ne.

Abin da ya tono mini maganar, jikata ce mai auren soja ta zo gaisuwa. Ta zauna a tsakar gida tana yi wa mata bayani, wai a kantin bariki komai ya fi sauƙi, duk mai son shinkafa ko madara ta kawo kuɗinta a sayo mata. Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba. Kowa ya ce rikicin tsufa ne da zafin mutuwa. Na bar su a haka. Ku ne zan gaya wa dalili.

A lokacin, shekara guda bayan zuwan Sarauniyar Ingila Kaduna, Kurmin Mashi ba gari ba ne kamar yadda kuka san shi. Gidaje ne 'yan kaɗan na jinka da zana, sai gonakin dawa, sai hanyar da ta miƙe zuwa bariki. Da asuba busar sojoji da kiran salla kusan tare suke shigo mana. Mahaifina Malam Rabe, karatun allo yake koyarwa a zaure. Da sadakar Laraba muke ci, da hatsin da iyayen yara ke kawowa in kaka ta yi. Mahaifiyata ta rasu tun ina goye. Yayar Malam, Gwaggo Kaltume, ita ta raine ni. Mace ce mai zuciya, mai baki, ba ta son a ce wani ya fi ta. Waina take toyawa, ni nake kai talla bakin ƙofar bariki.

A nan na haɗu da Kofur. Dogo ne, baƙi, da wushirya. Gajeren wandonsa na kaki ya sha sitaci da guga, in aka ajiye shi a ƙasa sai ya tsaya da kansa. Igiya biyu a hannun rigarsa, kullum fes kamar a ranar aka ɗinka. Ranar farko da ya sayi waina ya gutsura ya yamutsa fuska.

"'Yar Malam, mai wainar nan faɗa take yi da sukari?"

Na ce, "In ba ka so ajiye, akwai masu so."

"Ina so mana. Mai tallar ce ta sa zan daure."

Washegari ya zo da ƙwayar sukari guda a cikin hankici, ya ɗora a gefen farantina. Daga ranar bai taɓa fashi ba. Wasu samarin turare suke kai wa 'yan mata da ɗan kunne, ni nawa toshin ƙwayar sukari ce. Shi kansa kamar ƙudan zuma yake, in zai sha koko sai ya yi ta jefawa har abokansa su riƙe masa hannu.

A bariki aka haife shi. Ubansa soja ne, ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba, uwarsa ta bi baya ba da daɗewa ba. Matan bariki ne suka ciyar da shi, wannan ta ba shi tuwo, waccan ta wanke masa riga. Bai san wani gida ba sai wannan kakin. Ya taɓa ce mini, "Safiya, in aka cire mini rigar nan ban san wane ne zai rage ba." Na yi dariya a lokacin.

Da ya turo neman aure Malam ya yi jim. Ɗan bariki, ba dangi, ba asali da za a je a tambaya. Ya kira shi zaure, ya sa ya yi alwala a gabansa, ya ja shi da tambayoyin salla. Da ya fito ya ce wa Gwaggo, "Yaron nan yana da tsoron Allah. Na ba shi." A bariki kuma an ce wa Kofur in shekara ta zagayo za a ƙara masa igiya ta uku ya zama saje, an ba shi ɗaki a layin masu aure. Ni dai a lokacin ƙafata ba ta taka ƙasa.

Sai maganar gara ta taso.

Kun san gara a kan gidan amarya take. Mu kuwa ba mu da shi. Ga shi 'yar maƙwabciyarmu Rabi ta auri akawu a Sakatariya, ranar da aka kai gararta layin masu ɗauka ya kama tun daga rijiya har bakin hanya. Gwaggo ba ta yi barci mai daɗi ba tun daga ranar. Ta sayar da akuyarta, ta fasa asusun waina, ta ɗaure a bakin zane muka nufi wurin Tanko, mai ɗan kanti ɗaya tilo da ke unguwar. Ya faɗi kuɗin kwalin sukari, ya faɗi na madarar gwangwani da sabulu. Gwaggo ta dafe ƙirji.

"Tanko, kanti ka buɗe ko mahauta? Yanka mu za ka yi?"

Ya yi dariya. "Gwaggo, ni ma daga kantin Turawa na cikin gari nake sarowa, ga kuɗin dako. Ki ɗauki daidai ƙarfinki. Gero da daddawa da man shanu ma gara ce."

"A kai wa matan bariki gero? Su ce 'yar Malam da kayan sadaka aka kawo ta? Allah ya kiyashe ni."

Da yamma Kofur ya zo zance. Ina shimfiɗa masa tabarma a soro sai ga Gwaggo ta fito da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta ce, "Ɗan nan, sukarin da kake kawo wa yarinyar nan, nawa kuke saye a wurinku?"

Ya faɗa, bai san inda ta dosa ba. Na ga idon Gwaggo ya buɗe. A kowane kwali akwai rarar taro, wato kwabo uku, a kan na Tanko, madara da sabulu ma haka. Ta kwance bakin zanenta nan take.

Kofur ya ja da baya kamar ya ga maciji. "Gwaggo, ba ya yiwuwa. Kantin nan na soja ne da iyalinsa da ke cikin bariki. Kowa da iyakar abin da ake sayar masa a wata. Kuma duk abin da ya fito daga can akwai hatimi a jikinsa, doka ce kada ya ƙetare ƙofa. Ƙwaya ɗaya a aljihu ba komai, amma kwali-kwali..."

"Kyauta na ce ka ba ni? Kuɗina ne, na akuyata."

"Ba maganar kuɗi ba ce, Gwaggo."

"To maganar mece ce? Cikin wa garar za ta shiga in ba naka ba? Ashe son naka na baka ne. Ka fi so a yi wa matarka dariya a layinku." Ta juya gare ni. "Ke kuma kin yi tsuru kamar an dasa ki. Ba ki da uwa, ni kaɗai nake ta haƙilo."

Ta fara sharar hawaye da gefen mayafi. Ku gaya mini, me zan ce? Matar da ta tauna abinci ta sa mini a baki. Na dubi Kofur, ya dube ni. Maraya ne, bai iya ganin tsohuwa tana kuka ba. Ya miƙa hannu biyu ya karɓi kuɗin.

"Amma Gwaggo, alfarma ɗaya. Duk abin da na kawo a juye shi a ƙwarya ko a kwano. Kwalayen da takardun a sa a murhu. Gwangwani a kankare hatimin. Don Allah."

"Wannan ai mai sauƙi ne," in ji ta.

Da Malam ya ji labari ya ce, "Yaya, abin da ba a yarda a sayar miki ba, ba araha ba ne. Araha ba ta ado." Ta ce masa ya ji da allunansa, harkar mata ce. Malam bai iya jayayya da ita ba tun suna yara. Ya koma zaure.

Rabon Kofur shi kaɗai ba zai isa ba, sai abokansa suka riƙa saye da sunansu suna ba shi. Yana fito da su kaɗan-kaɗan a ƙarƙashin rigar ruwa, don damina ce. Duk zuwan da zai yi sai na ga ya rame. Ya daina tsokanata. Gwaggo kuwa bakinta har kunne, duk matar da ta shigo sai ta ji yadda aka tsere wa wuƙar Tanko.

Ana saura kwana kaɗan a sa ni a lalle, na shiga ɗakin Gwaggo neman tsintsiya, na leƙa ƙarƙashin gado. Ga su nan jere, ko ɗaya ba a buɗe ba. Kwalayen sukari masu shuɗin takarda, madara, ganyen shayi, sandunan sabulu, ƙaramin buhun shinkafa. A gindin kowanne akwai wani zane da tawada ruwan ƙasa-ƙasa, layi uku sun haɗu a sama, sak ƙafar kaza a kan taɓo.

Na ce, "Gwaggo, ba a juye ba."

"Za a juye. Ke amarya ce, ina ruwanki da gara? Rashin kunya ne yarinya ta san abin da za a kai mata. Fita."

Aka kama ni, aka sa ni a lalle. Daga nan ba ni ba ganin Kofur. Daren da za a kai ni, ina cikin lulluɓi ina kuka, na riƙo zanen Gwaggo na raɗa mata, "An juye?" Ta ce, "Tun yaushe. Toka ma ta huce." Na yarda. Wa zan yarda da shi in ban yarda da ita ba?

Ɗakinmu na bariki ciki ɗaya ne da ɗan baranda, rufin kwano, an shafe shi da farar ƙasa. Aka yi mini jere, tasoshina da kwanonin sha suka hau bango. Kofur ya kafa ƙusa a bayan ƙofa inda yake rataye rigarsa, igiyoyin suna kallon gado. Bayan an sayi bakina, maganar farko da ya yi mini ba ta soyayya ba ce.

"Safiya, an ƙone kwalayen?"

"Gwaggo ta ce an ƙone."

Ya sauke numfashi, ya yi dariya har wushiryarsa ta fito. Kwana shida muka yi. Ba zan ba ku labarinsu ba, nawa ne. Su kaɗai nake da su da ba abin da ya taɓa su.

Shi bai san yadda ake kai gara ba. Ba uwa, ba yaya mace, wa zai gaya masa? A tunaninsa alkaki da nakiya za a kawo a rufe, da hatsi a ƙwarya. Ita kuwa Gwaggo, a wurinta sukarin da aka juye a kwano ai ya zama na kowa. Kwalin ne adon. Wa zai san kayan kanti ne in babu takardarsa?

Ranar bakwai da la'asar Kofur yana wurin aiki. Ina zaune a bakin gado, an yi mini kwalliya, na sha sabon zane da fatala. Tare da ni akwai Magajiya Ramatu, shugabar matan bariki, wadda duk amaryar da ta shigo a hannunta take. Matan layi sun cika baranda suna jiran ganin abin da 'yar Malam ta zo da shi. Can sai muka jiyo guɗa daga wajen ƙofa. Ayyururui! Magajiya ta ce, "To, ga danginki nan, amarya. Ja lulluɓinki."

Guɗar tana matsowa, tana matsowa. Sai ta tsaya cak.

Ba irin tsayawar mai jan numfashi ba. Tsit, kamar an rufe tukunya. Matan baranda suka fara kallon juna. Magajiya ta gyara ɗaurinta ta ce kada in motsa, ta fita. Amarya ba ta fita. Na zauna ina kallon ƙusar bayan ƙofa, ba riga a jikinta.

Abin da ya faru daga baya aka gaya mini. Da suka kusa ƙofa, Gwaggo ta sa aka yaye duk fayafayan da aka rufe kayan da su, don matan bariki su gani tun daga nesa. Kayan da aka fitar a ɓoye a ƙarƙashin rigar ruwa, ga su sun dawo a kan kawunan mata, a buɗe, da guɗa. Samanja yana wurin, tsohon soja ne, tare da uban Kofur suka je Bama. Da fara'a ya tare su, har yana cewa sai an ba masu gadi tukwici. Ya ɗauki kwalin sukari yana wasa, ya juya gindinsa. Fuskarsa ta canza. Ya matsa kusa da Gwaggo ya yi ƙasa da murya.

"Baba, ku rufe kayan nan ku juya. Yanzu. Ban gan ku ba."

Da ta ji, da shi ke nan. Amma Gwaggo ta ɗauka raini ne, za a mayar da gararta a gaban Rabi da duk matan unguwa. Ta ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji.

"Mu juya? Sata muka yi? A kantinku aka saye su, da kuɗinmu! Surukina Kofur Ɗahiru ne ya sayo mana da hannunsa, ku tambaye shi!"

A daidai lokacin motar Baturen da ke kula da kantin tana tsaye a bayansu, tana jiran mata su ba da hanya. Yana jin Hausa. Ashe ya daɗe yana neman wanda ke fitar da kayan kantin ana sayarwa a kasuwar gari. Ya sauko, ya sa aka sauke komai a ƙasa, aka jera.

Magajiya ta dawo. Ta kore matan baranda, ta zauna kusa da ni, ta kama hannuna mai lalle tana murzawa. Sai ga ƙarar takalma a kan hanya, da muryar mai ba da umarni. Na manta ni amarya ce, na yaye labule. Sojoji biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, Kofur a tsakiya. Ba hula, ba ɗamara. Ana sa shi sauri kamar ɓarawo. Ya zo daidai ƙofarmu bai waiwayo ba. Na san ya san ina wurin, don na ga wuyansa ya ƙage.

Aka tsare shi a gadurum, ɗakin da ake kulle soja mai laifi. Aka ce kayan sun fi rabon mutum ɗaya, aka matsa masa ya faɗi waɗanda suka saya masa. Ya ce shi kaɗai ne. Samanja ya je har inda yake ya roƙe shi, ya ce in ya faɗa igiya ɗaya za a cire a bar shi. Ya ce mutanen da suka taimake shi ranar aurensa ba zai ci amanarsu ba. Tun da ya ƙi, sai aka ɗora masa har da na kasuwa, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Na roƙi Magajiya ta kai ni wurin Baturen in durƙusa. Ta ce, "'Yata, a nan mace ba ta da baki sai a kan famfo." Washegari ta dawo, idonta ja. Ɗakin na soja mai aure ne, in ji ta, kuma mijina ba ya cikin lissafi yanzu. Matan da suka zo ganin garata su suka taya ni sauke jere. Na bi ta ƙofar nan da tasoshina a ka, lallen ƙafata bai ko fara gogewa ba. Kayan garar an kwashe su an mayar kantin. Akuyar Gwaggo ta tafi, asusu ya tafi, ko ƙwayar sukari ba mu lasa ba.

A gida Gwaggo ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba. Tana toya waina tana mita. "Zalunci ne kawai. Mun biya. Kuma ko yanzu aka tambaye ni, nasu ya fi na Tanko sauƙi." Malam ya daina cin abincin rana. Ni kuwa in na ji busar asuba sai in toshe kunne da zane.

Sai da dawa ta fara fitar da kai ya dawo. Da hantsi ne, ina tsakar gida ina tankaɗe, na ji sallama a zaure. Muryar na gane, amma da na leƙa ta jikin zana ban gane mutumin ba. An aske masa kai ƙwal. Wata tsohuwar jamfa ce ta aro a jikinsa, ta yi masa gajarta. Ban taɓa ganinsa a waje ba kaki a jikinsa ba. Ya durƙusa a gaban Malam, ya ajiye wani abu a kan buzu. Kwalin sukari ne guda.

"Allah gafarta Malam, an sallame ni. Wannan a wurin Tanko na saya, yadda ya faɗa haka na biya. A ba Safiya. Shi ba wanda zai tsayar da shi a ƙofa."

Na ruga na ɗebo ruwa a sabon kwanona na jere. Ina zuwa bakin zaure na tarar Gwaggo ta riga ni, ta tokare ƙofa da hannu. Ba ta ko rage murya ba.

"Malam, ka tambaye shi ina zai ajiye ta, da me zai ciyar da ita. Mu soja muka ba wa 'ya. Wannan kuma wane ne?"

Na ga hannunsa ya tafi kan damtsensa, inda igiyoyin suke zama. Ya shafa wurin, ba komai sai jamfar aro. Ya sunkuyar da kai. Tambayar da ya taɓa yi wa kansa ce a bakin ƙofar bariki, ranar da na yi dariya.

Ba ni da abin ba shi. Ba ni da ɗaki, ba ni da gara, ba ni da ikon ture hannun matar da ta raine ni. Ruwan yana zuba a kan ƙafata. Ta ƙarƙashin hannun Gwaggo na miƙa kwanon, na ce da ƙarfi yadda duk gidan zai ji:

"Kofur, ga ruwa."

Ya ɗago kai. Gwaggo ta juyo ta zuba mini ido, ba ta janye hannunta daga ƙofar ba.